Sabulun Ɗan Koyo

Duk wanda ya ce haɗa sabulu a gida hanyar tsimi ce, a gaishe shi da ƙoƙari. Kafin ɗan koyo ya ga sabulu ɗaya, sai ya sayi soda, manja, man kaɗanya, sikeli, safar hannu da tabarau. Tukunyar alminiyam ta uwargida ba ta shiga wannan hidima, don soda cinye ta take yi. Ya shirya tsaf kamar likitan tiyata, duk saboda abin wanke hammata. Soda ake zubawa a ruwa. Wanda ya juya dokar zai ga tafasa babu wuta. An haɗa da mai an zuba a mazubi, sai jiran mako 4 zuwa 6 kafin sabulu ya nuna. Duk tsawon lokacin nan, da na kanti ake wanka.

Za a ce ai riba na tafe. To, Allah ya kawo, amma zubin farko ba ya ganin kasuwa, maƙwabta ake rabawa "a gwada". Za a kuma ce kakanni sun dafa sabulun salo da toka babu sikeli. Haka ne, sai dai su ba a bidiyon waya suka koya ba. Idan maƙwabciya ta aiko muku da nata, ku yi godiya, ku fara gwada shi a kan tsumma.