Manjan Davi da Giyar Jif Ɗina

Tun ranar da na shigo da jif ɗin nan gidanmu na haya a Madina ta Akra, can bayan Zongo Junction, sunana ya canza. Da safe ni ne Malam mai shagon waya, kafin magariba na zama Alhaji, alhali ko Tamale ban taɓa zuwa a jirgi ba, balle Makka. Motar ƙirar 2004 ce, irin wadda mu a Gana muke kira hom-yus, mutanen Kano su ce 'yar Kwatano. Wato wani ya ci moriyarta a Amurka har ya gaji, aka lodo ta a jirgin ruwa zuwa Tema, wani ya tsotse abin da ya rage, sannan sauran ya iso hannuna. Amma fa otomatik ce. Wata uku na yi ina yi wa direbobin bas ɗin haya da muke kira trotro kallon tausayi a cunkoson Atomic Junction, suna ta kokawa da giya suna zufa, ni kuwa ƙafata ta hagu tana hutun da ba ta taɓa samu ba.

Wata safiya na fito sai na ga ɗigon jan mai a kan siminti, daidai inda motar take kwana. Ban yi wani dogon tunani ba, domin ina da wadda zan zarga a kusa. Maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ewe ce, muna kiran ta Davi kamar yadda ake kiran matansu, kuma sana'arta sayar da wake da gari da manja da soyayyar agada, abincin da mutanen Akra suke kira gobe. Baƙo daga Kano in ya ji ana cewa a sayo gobe, sai ya ɗauka an ɗaga cin abincin ne. Kullum da asuba takan wuce ta gefen motata da galan ɗin manja. Ja a ƙasa, ja a galan, wace shaida kuma ake nema? Na tare ta na yi mata wa'azi a kan haƙƙin maƙwabtaka. Ta saurare ni har na gama, ta ce da Hausarta ta zango, "Alhaji, manjana ba shi da ƙafa. Yaya zai shiga ƙarƙashin mota?" Na ce wannan tambaya ce ta mai neman kauce wa laifi.

A kwanakin ne motar ta fara wani sabon hali. In na tashe ta da safe na sa giya a D, sai ta yi shiru kamar amaryar da ba a sayi bakinta ba. Sai na ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ta yi firgigit ta zabura. Wani abokina a masallaci ya ce man giya ne ya yi ƙasa, in ƙara. Na sayo kwalba guda, na ɗaga bonet, na bi murafai ina karantawa har na ga wanda aka rubuta ATF a kansa, daidai da abin da ke jikin kwalbar. Na buɗe na ɗura har ya tumbatsa. Don in tabbatar, na zaro sandar gwada man giya, motar tana kashe, injin sanyi ƙalau, na ga mai ya kai layi. Na rufe bonet da irin ƙarfin da likita yake cire safar hannu bayan tiyata.

Sai ga ranar kai goron neman auren ƙanena a zangon Koforidua. Da bakina na hana a ɗauki hayar mota, na ce ina amfanin jif a dangi? Asabar da sassafe na ɗauki Kawu a gaba, Gwaggo da liman na unguwarmu a baya, ga huhun goro da katan-katan na lemo a but. Kawu tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana jigilar albasa daga Bawku, kuma a wurinsa duk motar da ba ta da kuloci ta ragwaye ce. Muka wuce Adenta, muka wuce Oyarifa lafiya lau. Muna barin Ayi Mensah, inda ake karɓar kuɗin hanya kafin a soke shi a 2021, tudun Aburi ya fara.

Wanda bai san wannan hawa ba, hanya ce mai lanƙwasa tana nannaɗe dutse har Peduase, kuma ranar Asabar cike take da masu motsa jiki, maza da mata, wasu da tumbi kamar nawa, suna hawa a ƙafa. A kwana ta biyu na taka totur, injin ya yi ruri kamar zaki, allurar da ke nuna juyin inji ta haura sama, mota kuwa tana tafiyar hawainiya. Na ƙara takawa. Rurin ya ƙaru, tafiyar ta ragu. Wani dattijo mai gajeren wando da tawul a wuya ya zo ya wuce mu, har ya ɗaga mana hannu. Liman ya fara lahaula a hankali, daga baya ya daina ɓoyewa. Gwaggo ta rungume jakarta tana tambaya ko akwai birki.

"Sa mata lamba ɗaya!" in ji Kawu.

Na ja ta zuwa L. Ta yi wani yunƙuri kamar za ta yi abin kirki, ta fasa.

"To a sauka a tura ta, sai ta kama."

Na ce Kawu, ai injin a tashe yake, kuma otomatik ba a tashin ta da turi. Ya dube ni ya ce motar da ba ta jin turi ba ta jin magana, ya buɗe ƙofa. A gefen hanya muka tsaya, wani wari kamar na tukunyar da aka manta a wuta yana tasowa daga ƙasa. Ƙarshenta a trotro manyan dangina suka isa Koforidua, liman da huhun goro a cinya. An ba mu matar, amma har yau dangin amarya suna kiran ƙanena ƙanin mai jif.

Daga nan na shiga hannun masana. Fita na farko, kamar yadda muke kiran bakanike a nan, ko bonet bai ɗaga ba. Ya saurari labarina yana cin gyaɗa, ya ce giyabos ya mutu, in tafi Abossey Okai in sayo wani. Na je. Kasuwar kayan mota ce da in ka shiga da ƙafa biyu, samari goma za su rantse maka cewa kowannensu yana da abin da kake nema tun kafin ka faɗi sunansa. Aka nuna mini giyabos an wanke shi tas yana ƙyalli, aka faɗi kuɗi, na nemi benci na zauna. Na biyu mai kwamfuta ne. Ya jona wata na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ta fito da lambobi, ya girgiza kai, ya canza wani sensa, ya karɓi kuɗin sensa da kuɗin na'ura da kuɗin girgiza kai. Mota ta ci gaba da halinta. Gwaggo kuwa tun a tudu ta yanke hukunci cewa bakin mutane ne, ta aiko da turaren wuta a riƙa yi wa kujeru. Gaskiya motar ta yi ƙamshi.

Wani mai tasi ne ya kwatanta mini wani tsohon masta a Maamobi, a wani lungu da jif ke shiga da addu'a. Na fara zuba masa tarihin giyabos da sensa, ya katse ni.

"Ina take kwana?"

Na ce a tsakar gida.

"In ka ɗaga ta da safe, me kake gani a ƙasa?"

Na ce ba komai, sai manjan wata maƙwabciya. Yaransa biyu suka kalli juna, ɗaya ya shige bayan wata tasi, kafaɗunsa suna rawa.

Masta ya sa aka zagaya da ita har ta yi zafi, aka tsayar da ita a wuri mai daidai, injin yana aiki. Ya taka birki ya bi da giya P, R, N, D ɗaya bayan ɗaya, ya mayar P, sannan ya zaro sandar, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Da ƙyar mai ya lashi bakinta. Na ce ba zai yiwu ba, ni da idona na ga ya kai layi. Ya ce ai a kashe na gwada, kuma in inji ya tsaya, man da ke yawo a cikin giya yakan gangaro ya taru a kasko ya yi wa mai gwaji ƙarya. Ya yi mini bayani yadda ake yi wa yaron makarantar allo. A otomatik, mai ba shafawa kawai yake yi ba, shi ne hannun da ke riƙe giya. Famfo ne yake tura shi da ƙarfi ya matse faya-fayan kuloci da ke ciki. In ya yi ƙasa, famfo ya shaƙi iska, matsi ya ragu, faya-fayan su yi ta sulɓi suna ɗaukar zafi. A kan tudu kuma ɗan abin da ya rage sai ya karkata gefe guda.

Na ce amma ai na ƙara mai. Ya ce in nuna masa inda na zuba. Na nuna da alfahari.

"Alhaji, wannan na sitiyari ne."

Ashe motoci da yawa na wancan zamani mai iri ɗaya suke sha a sitiyari da giya, shi ya sa aka rubuta a murfin. Na giya kuwa ta wannan siririn bututun da sandar take ciki ake ɗura shi da mazurari. Sai a lokacin na tuna cewa lallai sitiyarin bai taɓa ba ni matsala ba.

Ya ɗiga man a farar takarda, ya duba, ya sansana. Ya ce da ya yi baƙi yana warin ƙuna, da sai Abossey Okai. Da ya koma kamar madarar da aka zuba wa zoɓo, da ruwan lagireto ne ya shiga ciki, wannan kuma ta'aziyya ce. Nawa ya yi duhu amma da sauran ja, sai dai ya ce hawan Aburi ya rage wa giyar kwana, kada in yi mata alkawarin tsufa. Yaro ya kwanta a ƙasa da tocila, bai yi minti biyu ba ya kira mu. Tiyon da ke kai man giya lagireto ya huce ne kilif ɗinsa ya yi tsatsa ya saki, yana ɗiga a hankali. Aka sa sabon kilif da guntun tiyo, aka sauke kasko aka wanke, aka canza matatar mai, aka ɗura mai ta ƙofar da ta dace. Kuɗin kilif ɗin bai kai na farantin shinkafa da wake da ƙwai ba.

Da daddare uwargida ta ce saura abu guda. Na ce na sani. Na yi kwana biyu ina fita ta ƙofar baya, a na uku na sayi atamfa na je na ba Davi haƙuri a gaban duk 'yan gidan, tunda a gabansu na yi wa'azin. Ta karɓa, ta ce ba komai, Allah ya bar zumunci.

Wata huɗu ke nan motar tana shiga D ba sai an sayi bakinta ba, simintin ma ya bushe. Amma har yau in na miƙa wa Davi kwano, sai ta zuba wake, ta zuba gari, ta ɗora agada, sannan ta rufe galan ɗin manja ta tura shi bayanta, ta ce wai kada ya bi ni ƙarƙashin mota.