Mai Zane da Mutanen Gida

Yaron Rano ko Kibiya da ya ƙudurta karatun zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ba JAMB ce babbar matsalarsa ba, mutanen gida ne. Malamai sun ce ya tara ayyukan hannunsa, ya zana abin da idonsa ya gani, ban da kwafowa daga waya. To, bismillah.

Ya zana duwatsun Rurum, akuya ta cinye rabi. Ya zana ruwan Tiga, Inna ta naɗe ƙosai a ciki. Ya lallaɓa Baffa ya zauna aka zana shi, Baffa ya duba ya ce, "Kai yaro, wannan hancin ai na dangin uwarka ne."

Kawu kuwa tambayarsa ɗaya ce: "Shekara huɗu a jami'a don ka yi wa bayan tifa ado?"

Gaya masa cewa a Zariyar nan su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, kuma tun zamanin Hausa Bakwai Rano da Kano ake kira sarakunan baba, wato harkar launi gadonmu ce. Zai gyaɗa kai, ya ce madalla, tunda haka ne a rubuta masa allon shago kyauta.