Yadda Za Ka Gina Shafinka da Hugo Ba Tare da Ka Yi Furfura a Kai Ba

Rubutun da ka zuba a Facebook shekarun baya, je ka nemo shi yanzu mu gani. Za ka yi ta gungurawa har babban yatsa ya yi kanta, ka wuce hotunan suna da na ɗaurin aure, ba ka kai gare shi ba. Mai rubutu ya cancanci shafin kansa, kuma hanya mafi arha ita ce manhajar da ke ƙera shafuka tun kafin mai karatu ya nema, irin su Hugo da Jekyll.

Ga bambancinsu da manhajar gina shafi irin WordPress. WordPress mai shayi ne: duk wanda ya zo sai an haɗa masa nasa kofin, a shiga rumbun bayanai a ɗebo, a gauraya, a miƙa. Hugo kuwa mai ƙosai ce da ta gama suya tun da sassafe, kana zuwa a ƙulla maka ka wuce. Shi ya sa shafin ke buɗewa da wuri ko da sabis sanda ɗaya ne, masu kutse kuma ba su da rumbun da za su fasa.

Kada ka tambayi masana wanne ya fi tsakanin Hugo da Jekyll, za su kwana suna musu kana tsaye. Jekyll, wanda Tom Preston-Werner ya fitar a 2008, sai ka girka harshen Ruby da 'yan rakiyarsa kafin ya motsa. Hugo, na Steve Francia, ya zo a 2013, kuma fayil guda ne ka sauke ka huta. Ɗauki Hugo.

Buɗe baƙin allon nan da ake ba kwamfuta umarni, ka rubuta `hugo new site shafina`. Ƙannenka za su taru a bayanka suna raɗa cewa yaya ya zama ɗan kutse. Bar su, girma ne ya zo maka kyauta.

Yanzu mun iso inda ake asarar mutane, wato zaɓen adon shafi. Akwai ɗaruruwan samfura, kowanne ya fi na baya kyau, kuma da yawa sun shiga nan ba su fito ba. Mutum ya canza launi, ya canza girman haruffa, ya koma launin farko, azumi ya zo ya wuce, bai rubuta ko bisimilla ba. Ba wa kanka daga Azahar zuwa La'asar. Gwaji ɗaya ne ya zama dole: rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana, ka duba. Idan sun koma akwatuna, ko sun fito a karkace daban da 'yan uwansu, zubin haruffan bai san Hausa ba, yi masa sallama komai kyansa. Sannan ka buɗe fayil ɗin `hugo.toml` ka sa `ha` a gurbin harshe, domin burauza ta san da wa take magana.

Rubutun kansa da Markdown ake yi, tsarin da John Gruber ya fitar a 2004. Alamar # a farkon layi ta ba ka kanu, taurari biyu gaba da baya su kaurara kalma. Kafin shayinka ya huce ka iya. Kuma rubutu ne tsura da kowace kwamfuta za ta buɗe, ko an ɗauke wuta ko data ta ƙare, aikinka yana hannunka.

Don ganin abin da ka yi, rubuta `hugo server -D`, ka je `localhost:1313`. Zai yi kyau, zuciya za ta yi fari. Amma don Allah kada ka tura wannan adireshi zauren WhatsApp na dangi. A cikin kwamfutarka kaɗai yake, kawu zai yi ta latsawa har ya zargi wayarsa.

Fitar da shi duniya aikin GitHub Pages ne, kuma kyauta ne. Za ka koyi umarni uku na Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005: `add`, `commit`, `push`. Hugo na buƙatar ɗan fayil na GitHub Actions, yana nan a littafin jagorarsa, kwafa kawai za ka yi.

Idan ka tura, shafi ya fito fayau babu rubutu, kada ka kira malami. Hugo yana sa wa sabon rubutu `draft = true` a samansa, ma'ana bai nuna ba tukuna. Mayar da shi `false` ka sake turawa.

Adireshin kyauta yana ƙarewa da github.io. In kana son naka mai .ng, sai ka saya wurin dillalan da NiRA, mai kula da adireshin .ng, ta amince da su. Duk shekara ake sabunta shi, don haka sa ranar a kalandar wayarka, ka kuma gaya wa uwargida, ita ba ta mantuwa da ranar biyan kuɗi.