Zakarun Keken Burji Suna Gwarzo

A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar zakarun duniya ta farko ta tseren hanyar burji a Italiya, aka naɗa zakara. Naɗin bai inganta ba, tunda ba a gayyaci kowa daga garuruwanmu na Getso ko Garo ba. Bature yakan sayi keke mai tsadar babur, ya sa hular kwano, ya biya kuɗin shiga, don ya sha ƙurar da manomin Kabo ke sha kyauta kowace ranar kasuwa, a kan tsohon kekensa Rali marar giya, da buhun masara a kariya.

Za a ce ai su tsaunuka suke hawa, mu kuwa ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Gaskiya ne, amma mai wannan magana bai ga kwazazzabon da ruwan Agusta ke haƙawa a tsakiyar hanya ba, balle yashin rafi da ke sa dattijo ya sauko ya tura. Wani zai ce nasu wasa ne, namu dole. To, wanda ya faɗi a gasa lambar yabo kawai ya rasa. Namu in ya faɗi, kiret ɗin ƙwan mutane ne a bayansa, kuma sai ya biya.