Madalla da Dokar Wata Shida

A jinjina wa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya, domin ta auna abin da ba wanda ya taɓa iya aunawa. Ta duba kewar da ke tsakanin uwa da ɗanta, ta gano wata shida ya ishe ta. Tsohuwa ta taso daga Kano ko Zariya ta je Manchester ganin ɗanta da jikokinta, bizar ziyara ta yanka mata wata shida. Ɗan ya biya kuɗin biza mai shekara biyu, ko biyar, ko goma, kowane zuwa dai wata shidan nan ne. Mai kuɗi da talaka, mai lafiya da mai ciwon gwiwa, mudu ɗaya ake auna wa kowa. Ina wanda zai ce ba a yi adalci ba?

Kada kuma a yi wa ma'aikatar ƙazafi, ta buɗe ƙofar neman ƙarin wa'adi. Kuɗin nema ya haura fam dubu, kuma an tantance waɗanda suka cancanta da hikima. Wanda aka ba ƙasa da wata shida yana iya neman a cike masa. Wanda ke jinya a asibitin kuɗi, yana biya daga aljihunsa, ana ƙara masa. Malamin jami'a mai bincike yana da hanyarsa. Likitan da ya zo rubuta jarrabawar PLAB, wadda ke ba likitocin waje izinin aiki a ƙasar, idan ya faɗi yana son maimaitawa, shi ma ana ƙara masa. Ke kuwa Hajiya, da kika sayar da tumakinki kika biya masa kuɗin makaranta har ya zama likitan, ba a ga gurbinki a jerin ba. Kin gama naki aikin tun da kika haife shi kika raine shi. Sauran an karɓa daga hannunki, an gode.

Tun daga Abuja ake fara nuna mata karamci. A watan Afrilun 2025 aka ɗaga kuɗin bizar wata shida zuwa fam 127, kuma idan an ƙi ba ta, kuɗin ya tafi ke nan. Ana so ta tabbatar za ta komo gida, a ga takardun banki, a ga shaidar abin da ta mallaka. Matar da dukiyarta ke cikin adashi da garke da mutuncin unguwa, sai ta nemo takardar da za ta faɗi hakan da Turanci. Idan jami'in da bai taɓa ganin fuskarta ba ya ce bai gamsu ba, an sauƙaƙa mata wahala: tun watan Yunin 2013 aka soke damar ɗaukaka ƙara kan bizar ziyarar dangi. Ba zaman kotu, ba jiran alƙali. Ta sake biya kawai, ta sake nema.

Wurin da basirar ta fi fitowa shi ne haihuwa. A wurinmu mace ta haihu, uwa ce ke zuwa ta tsaya mata, ta dafa ruwan wankan jego, ta dama kunun kanwa, ta goya jariri mai jego ta samu barci, har a yi arba'in. Ma'aikatar ta yarda kaka ta kula da jikanta, da sharaɗin ziyarar ta zama gajeriya, kuma kada abin ya koma aikin raino da aka ɗauke ta yi. Allah Ya saka wa wanda ya hango wannan haɗari. Da an yi sake, da tsofaffin mata sun cika Birmingham suna yi wa jikokinsu tawai ba lasisi, suna karya kasuwar gidajen raino. Uwar jaririn fa, ma'aikaciyar jinya ce mai kwanan asibiti, hutun haihuwarta zai ƙare, kakar kuma ta riga ta hau jirgi. Ta nemi mai raino ta biya, tattalin arziki ya motsa.

Wata za ta ce to, bari ta koma gida ta huta wata biyu ta dawo. An riga ta tunani. Doka ta hana baƙo ya mayar da ƙasar wurin zamansa ta hanyar ziyara a kai a kai, kuma jami'in filin jirgi yana da ikon ya dubi hatiman fasfonta ya ce son jikokin nan ya yi yawa. Idan ta zarce wa'adinta da fiye da kwana 30, ko da ta fita da ƙafarta da kuɗinta, sai ta shekara ba ta sake shiga ba. Idan ciwo ya kwantar da ita a asibitin gwamnati, watakila ma asibitin da ɗanta ke duba marasa lafiya, tun 2015 ana cajin baƙo irinta ninki ɗaya da rabi na kuɗin magani. Bashin da ya kai fam 500 ba a biya ba yana iya rufe mata ƙofar biza ta gaba.

Saura batun ta zauna gaba ɗaya. Kafin watan Yulin 2012, iyayen da suka kai shekara 65 kuma suka dogara da ɗansu suna iya komawa wurinsa. A zamanin da Theresa May ke riƙe da ma'aikatar aka gyara wannan sakaci. Yanzu sai tsohuwa ta kai ba ta iya wanka ko sa tufafi ko dafa abinci da kanta, sannan a tabbatar ba za ta samu mai kula da ita a ƙasarta ba, ko da da kuɗin ɗan. Kuma daga can gida za ta nema, ba daga ɗakin jikokinta ba. Ku dubi kyan ƙullin nan. Idan ɗan yana da halin riƙe ta a Ingila, ai yana da halin ɗaukar mata 'yar aiki a Kano, sai a ƙi. Idan ba shi da hali, da me zai riƙe ta? Sai a ƙi. Gaba kura, baya sayaki. An kai ƙarar dokar, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da ita a 2017. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta yi ta kokawa cewa dokar na korar likitoci daga ƙasar, ma'aikatar ta tsaya kan bakanta kamar yadda ya kamaci mai ƙa'ida.

Kanada ce ta yi rauni. Tun 2011 ta fito da biza ta musamman don iyaye da kakanni, a 2022 kuma ta bar su su zauna har shekara biyar a zuwa ɗaya, muddin akwai inshorar lafiya kuma ɗan yana da abin riƙe su. Birtaniya ba ta bi wannan hanya ba, kuma ba ta da dalilin bi. Likitan da ya kwana yana juya iyayen wasu a gado, ya gaji da ganin tasa uwar ta waya, yana iya tattara kayansa ya tafi Toronto. Akwai wasu a Kano da Ibadan suna karatun PLAB yanzu haka, kuma idan sun faɗi, ƙarin wa'adinsu na nan a tanade.