Kawu, ka ce ƙarya ce, to me ka je yi a layi?

Na san ka, kawu. Kai ne mai zama a bencin mai shayi a mararrabar Samaru Kataf, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da rediyo ta ambaci tallafi sai ka ja tsaki har shayi ya fantsamo. "Duk a takarda ake yin su." Na ji. Amma ranar da aka ce masu rubuta suna sun sauka a firamare, wa na hango a layi da takardar NIN naɗe cikin leda kamar laya? Ka ce rakiya ka yi. Wace irin rakiya ce ta kai ka har gaban tebur, ta kama yatsanka ta dangwala?

Ba na cewa tsakinka ba shi da dalili. Tun 2016 gwamnatin Buhari ta fito da naira 5,000 a wata ga gidajen da talauci ya kayar, a haɗa na wata biyu a miƙa 10,000, galibi a hannun uwar gida. Har da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su aka zuba a ciki. A Oktoban 2023 Tinubu ya yi alkawarin 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, Janairu na kamawa aka dakatar da minista Betta Edu, shirin ma aka ce ya dakata. Dubu biyar ɗin kuwa, shiga kasuwa da ita yau ka gani ko za ka nemi mai dako. Wannan zagayen naka ne, na ba ka.

Saura nawa. Rajistar masu ƙaramin ƙarfi ba daga Abuja ake jefo sunayenta ba. Tsarin ya ce a tara mutanen gari, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi wa ya fi kowa shiga wuya a cikinsu. To yaya aka yi gwauruwar nan mai marayu huɗu, wadda kowa ke wucewa ta ƙofarta, ta kuɓuce wa bakin kowa, amma ƙanin matarka mai injin niƙa ya shiga? Kada ka dube ni, shayinka za ka duba.

Ke kuma mama, na ga kina dariya, zo mu taɓa. Dokar haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, Kaduna ba ta yi tata ba sai 2018. Shekara goma sha biyar ana jan ƙafa, a kan wannan ki yi gunaguni son ranki, zan taya ki. Sai dai dokar nan da kike cewa ba ta da haƙora, gidanki ta fara leƙawa. Wa ya sa 'yar shekara tara a mota zuwa Kaduna ko Abuja, wai "anti za ta sa ta makaranta"? Kirsimeti ta dawo da atamfa ɗaya, hannu duk kanta saboda wanki, a ba ta littafi ta riƙe shi a kife. Bayan hare-haren 2020 da suka cika sansanin Zonkwa da mata da yara, na san akwai gidajen da bakin ci ya yi wa yawa, kuma wanda bai kwana da yunwa ba bai isa ya yi musu wa'azi ba. Amma ko akuya za ki ba kiwo, ai kina tambayar gidan da za ta kwana.

Ga wadda ta fi ci mini rai, a nan zolaya ta kusa ƙare mini. A asibitin tunawa da Sir Patrick Yakowa da ke Kafanchan akwai cibiyar Salama, irin waɗanda jiha ta buɗe a Kakuri da Tudun Wada da Zariya, domin wanda aka yi wa fyaɗe. Kyauta ake duba yarinya, a ba ta magani, a kwantar mata da hankali, a rubuta shaidar da kotu za ta karɓa. Maganin kariya daga HIV kuwa awa 72 ne wa'adinsa, in sun wuce ya tashi aiki. Mu fa a kwana ukun nan me muke yi? Zaman dattawa. A kira mai unguwa, a kira fasto ko liman, a ce "a rufa asiri, ai duk ɗaya muke", a yanka tarar akuya da kuɗin sabulu. Ana cikin cin naman, agogo ya gama aikinsa.

Za ka ce, kawu, ai El-Rufai ya sa hannu a dokar dandaƙa a Satumban 2020, wanda ya taɓa yarinyar da ba ta kai 14 ba a dandaƙe shi, a kuma kashe. Har tafi ka yi ranar, na tuna. Ni a ganina tsananin nan ya ƙara wa masu rufa-rufa hujja ne, domin mai laifin ba baƙo ba ne galibi, ɗan wanka ne ko maƙwabci, kuma ba kowa ke da zuciyar kai ɗan wansa inda za a rataye shi ba. Ka ga ni ma ina da tsakina, na dai fi ka iya ajiye shi.

Daga Samaru zuwa Kafanchan ba tafiyar yini ba ce, mota na tashi a gabanka kullum kana lissafin ƙaryar gwamnati. Shayin nan ya huce, bari a ƙaro maka, ni zan biya. Tura ledar can cikin aljihu, tana leƙowa.