Yadda Za Ka Yi Ƙiba da Garin Waken Suya, Daga Bakin Wanda Ya Sha Roba Biyu

Idan ana neman wanda zai ba da fatawa a kan rama, ni ne. Ba ramar da ake kwaɗawa da ƙuli ba, a'a, wadda take sa mutum ya ɗaura agogo ya zame har gwiwar hannu. Tun ina firamare Tsinke ake ce mini. Telana kuwa ƙaunata yake yi, domin duk shaddar da na kai masa sai ya rage abin da zai ɗinka wa ɗansa riga. Ban taɓa damuwa ba sai ranar wata sallah da muka je gaida Gwaggo. Ta dube ni sama da ƙasa, ta juya wajen uwargida ta ce, "Ke 'yar nan, wai ba kya ba shi abinci ne?" Baiwar Allah ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba. Sai da muka koma gida ta ce, "Maigida, ko dai ka yi ƙiba, ko ka daina kai ni gidan Gwaggo."

Wannan ne ya kai ni ga garin furotin na waken suya, wanda ake sayarwa cikin manyan robobi a kantuna da wuraren ɗaga ƙarfe. Ga yadda ake yi, in kana so ka bi sawuna.

Da farko ka zaɓi robar da aka manna wa hoton wani ƙato mai damtse kamar turmi. Kada ka tambayi kanka shekara nawa ya yi yana ɗaga ƙarfe, ko tukunya nawa yake tashi da ita a rana. Ka ƙudurta a ranka cewa shi ma da Tsinke ne, garin nan ne ya mayar da shi haka. Ka biya kuɗin da zai saya maka kwanuka masu yawa na waken suya a Dawanau, ka rungumo robar kamar jaririn da aka haifa bayan shekara goma ana nema. Abu ɗaya kawai nake roƙonka da gaske a nan: ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Garin da aka ɗura a leda babu suna babu adireshi, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki.

Kana isa gida ka guji karanta ƙananan rubutun da ke bayan robar, domin suna karya gwiwa. Ni na yi kuskuren karantawa, amma sai bayan na shanye roba guda. Ɗan ludayin da ake sakowa ciki yana ɗaukar kimanin giram 30. A cikinsa akwai furotin wajen giram 25, abin a yaba. Ƙarfin abinci kuwa, wanda ake aunawa da kalori, bai wuce 110 zuwa 120 ba. Cokalin miya ɗaya na man gyaɗa ma 120 ne. Gyaɗa giram 100, wadda za ka ɓare kana kallon ƙwallo ba ka ma san ka cinye ba, ta haura kalori 560. Ludayi biyar ke nan na garinka mai tsada.

To ga lissafin da ya hana ni barci. Jiki ba ya ƙara nauyi sai abin da ke shiga ya fi abin da ake ƙonawa. Masana abinci kan ce a ƙara kalori 300 zuwa 500 kullum a kan abin da aka saba ci, kuma kilo ɗaya na nauyin jiki yana cin kimanin kalori 7,700. Robar kilo guda ba ta kai kalori 4,000 ba. Wato sai ka shanye roba biyu cur kafin sikeli ya matsa da kilo ɗaya, shi ma in ba ka rage ko loma ɗaya daga tuwonka ba.

Nan kuwa gizo yake saƙar. Furotin ya fi kowane nau'in abinci riƙe ciki. Saboda haka idan kana so ka yi irin tawa, ka dama garin da ruwa zalla ka shanye ana saura rabin awa a kawo abincin rana. Za a ajiye maka shinkafa da wake da mai da yaji, ka yi cokali huɗu ka ture. Ka sha kalori 120, ka bar 600 a faranti. Wata guda na yi a haka. Da na hau sikelin yaron nan mai yawo da shi a bakin kasuwa, ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Yallaɓai, ko za ka riƙe jakarka mu sake gwadawa?"

Sai daga baya na gano abin da kamfani ya yi mini, kuma ba zan ce zamba ba ce tunda ya rubuta a jikin roba. Ƙwayar waken suya kusan kashi 40 cikin ɗari furotin ce, kusan kashi 20 kuma mai. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na furotin 4. Kamfani yakan fara da tatse man nan tas, ya ɗura a jarka ya sayar wa uwargida ta yi suya. Abin da ya rage a wanke shi, a cire sitaci da ɓawo, har a samu gari mai furotin kashi 90 cikin ɗari. Ramamme ya je neman ƙiba, an sayar masa da wake wanda aka cire wa abin ƙibar. In ka tambayi mai gidan gona zai gaya maka sirrin kajinsa da ke cika ido cikin sati shida: akwai waken suya a abincinsu, amma masara ta fi rabi. Kaza ma ba ta yarda da furotin kaɗai ba.

Kada ka ce na kushe garin. Lafiyarsa ƙalau, kuma a cikin abin da ke fitowa daga ƙasa da wuya ka samu furotin da ya kai na waken suya cika, domin yana ɗauke da duk sinadaran gina jiki guda tara da jiki ba ya iya haɗawa da kansa. Ga wanda madarar shanu ke ɓata wa ciki, ko wanda nama ya yi wa tsada, madadi ne mai kyau. A 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka har ta yarda a riƙa rubuta cewa giram 25 na furotin ɗin waken suya a rana na iya rage haɗarin ciwon zuciya, ko da yake a 2017 ta dawo ta ce hujjar ba ta kai ƙarfin da ta zata ba. Bulo ne mai kyau. Sai dai bulo ba ya hawa kansa ya zama katanga, sai da magini, kuma maginin nan shi ne ɗaga nauyi. Mutumin da ke zaune yana buƙatar furotin giram 0.8 a kan kowane kilo na jikinsa. Mai ɗaga ƙarfe da ke son tsoka yana neman ninkin haka, wajen 1.6. Ni mai kilo 55, giram 44 ya ishe ni in a kan benci zan wuni ina gardamar siyasa, kuma wake da ƙwai da nono sun riga sun biya wannan. Abin da ya ƙaru a kai, jiki ƙona shi yake yi kamar kowane abinci.

Yanzu sai ka shirya wa majalisa. Ranar da abokai suka ji kana shan waken suya, wani zai matso ya rage murya ya ce, "Malam, ka yi hattara, abin nan fa yana mayar da namiji mace." Ka bar shi ya gama, don ya daɗe yana jiran ranar da zai faɗa. Asalin maganar shi ne waken yana da wasu sinadarai da ake kira aisofilabon, waɗanda suka yi kama da sinadarin jikin mata, amma kama da wane ba ta wane. An tattara gwaje-gwaje da dama da aka yi a kan maza, a 2010 da kuma 2021, ba a ga ya rage musu sinadarin mazantaka ba. Labarin da ake yawo da shi na wani dattijo ne ɗan shekara 60 a Amurka, wanda likitoci suka ba da rahotonsa a 2008 bayan ƙirjinsa ya kumbura. Madarar waken suya yake sha kusan lita uku kullum. Lita uku! Ko kunun zaƙi ka yi wa wannan shan sai ka ga abin da ya ishe ka. Mutanen Sin da Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin waken nan safe da yamma, ban kuma ji an ce Sin ta rasa jama'a ba. Wanda ya ba ni wannan gargaɗi ma, awara ce a hannunsa lokacin da yake maganar.

Awarar nan ita ce ta ƙarasa kunyata ni. Yarinyar da ke soyawa a bakin layinmu ta ga ina wucewa da roba ta biyu, ta ce, "Yaya, mene ne wannan?" Na ce garin waken suya ne na Turawa, na ƙarin jiki. Ta kalli kaskonta, ta kalle ni, ta ce, "To ai shi nake soyawa." Gaskiyarta. Nata ma ya fi nawa dacewa da buƙatata, domin ba a cire masa mai ba, ga shi kuma an tsoma shi a wani man. Waken da ake nomawa a Binuwai da Kaduna shi ne dai wannan. In gari kake so, mata sun daɗe suna yi: a jiƙa, a surfe, a soya sama-sama ko a tafasa, a shanya, a niƙa tare da gero da gyaɗa a riƙa dama kunu. Wutar nan dole ce. Ɗanyen waken suya yana da wani abu da ke hana ciki narkar da furotin, zafi ne ke kashe shi. Kuma ka fara da kaɗan, musamman in kana sallah a sahun gaba, don wake dai wake ne, ba ya barin halinsa.

Idan ka riga ka sayi robar, ga yadda za ka fanshe kuɗinka. Ka ci abincinka tukuna, sau uku, ka cinye. Bayan nan, can da la'asar ko kafin kwanciya, ka samu kofin madara ko nono mai kauri, ayaba biyu, dabino biyar da aka jiƙa, niƙaƙƙiyar gyaɗa cokali biyu, sai ludayi ɗaya na garin. A markaɗa. Wannan kofi ya haura kalori 700, kuma in ka lura, garin shi ne ƙaramin mai hannun jari a kamfanin. In ka jefa dunƙulen fura a ciki ban hana ka ba. Sannan sau uku a mako ka ɗaga wani abu mai nauyi. Ba sai ka yi rajista a ko'ina ba: jarka biyu ta ruwa, ko gwangwanaye biyu da aka cika da siminti aka soka musu ƙarfe, irin na samarin unguwa. Wanda ya sha haɗin nan ya koma ya kwanta, shi ma zai ƙaru, amma a gaba kawai. Ƙafafu tsinke, hannaye tsinke, ga tulu a tsakiya. Gwaggo za ta ce ka samu kuɗi, likita zai ce wani abu dabam.

Akwai inda zan ajiye wasa. Za a samu mai ce maka ka bar wahalar nan, ga sha-ka-fashe. Da yawa daga cikin ƙwayoyin nan dezametason ne ko danginsa, maganin da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman. Abin da yake kawowa kumburi ne: fuska ta yi fam kamar fanke, ruwa ya taru a jiki, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Wanda ya daɗe yana sha kuma, dainawa farat ɗaya ma haɗari ce, sai likita ya janye shi a hankali. Amare da masu shirya amare, da ku nake. Haka nan mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likitansa. Mai shan maganin maƙoƙo na kullum ya raba lokacinsa da na waken suya da 'yan awoyi, domin yana rage shigar maganin jiki. Wanda kuma waken ke sa wa ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, ya bar shi har abada.

Sannan rama iri biyu ce. Akwai irin tawa, ta gado: kakana haka ya rayu, ana ce masa iska za ta ɗauke shi, har ya binne duk masu faɗin. Akwai kuma wadda ta zo daga baya, mutum yana cin abincinsa amma wando na zamewa, ko ga tari ya ƙi ƙarewa da gumin dare, ko yawan ƙishirwa da fitsari. Wannan ba ta kanti ba ce, ta asibiti ce. Tarin fuka, ciwon suga, tsutsar ciki da ciwon maƙoƙo duk suna ramar da mutum, kuma babu wanda ludayi ke warkarwa a cikinsu.

Ni dai bayan wata huɗu na kunun gyaɗa, awara, haɗin la'asar da jarkokin ruwa, yaron sikeli ya ce na ƙara kilo uku. Na ba shi tukwici. Da babbar sallah muka koma gidan Gwaggo, na sa riga mai ɗan kama jiki, na zauna inda haske ke dukana. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, har yanzu dai?" Amma a wannan karon ba ta kalli uwargida ba.

Robobin biyu suna nan a kicin, murfinsu na rufuwa gam. Ɗaya ana zuba gishiri, ɗaya daddawa.